Bahago Mai Zoɓo da Kwanukansa Huɗu

Sunansa na yanka Yakubu, amma tun yana rarrafe aka ga da hagu yake kai hannu ga komai, sai sunan Bahago ya bi shi har girma. A Kwarbai aka haife shi, cikin birnin Zazzau, a wani gida mai zaure biyu da ke ƙarshen wani lungu wanda in mai keke ya shigo sai mai ƙafa ya manne da bango. Mahaifinsa Malam Mika'ilu maɗinkin manyan riguna ne, ya kuma so ɗan ya gaje shi, amma allura ta ƙi zama a hannun Bahago. Da ya gama firamare ya taɓa wannan ya taɓa wancan, daga baya wani abokinsa ya ja shi Kaduna, ya samu aiki a wani kamfanin lemon kwalba a Kakuri.

Da wankin kwalabe ya fara. Daga nan aka mai da shi inda kwalabe ke wucewa ta gaban fitila, yana cire mai tsagu da mai datti. Da aka ga ba ya gyangyaɗi, sai aka kai shi sito. A nan ya saba da Malam Jalo, akawun kamfanin, mutumin Yola mai son hira. Duk ƙarshen wata Malam Jalo kan sauko sito ya yi ta tambaya: buhun sukari nawa aka fitar wa lemo ja, nawa aka fitar wa baƙi, marfi nawa, kwalba nawa ta fashe a kowane layi.

Wata rana Bahago ya gaji da ƙirga, ya ce, "Wai Malam, mene ne na rarrabawa? Ba duk aljihu ɗaya kuɗin ke shiga ba?"

Malam Jalo ya ce, "Aljihu ɗaya ne, amma wani lemon zubawa yake yi, wani kuma ɗiba. In ba a raba su ba, ba za a san wanne ke ciyar da wanne ba. Tambayata ɗaya ce kullum: kwalba ɗaya, nawa ta ci kafin ta fita ƙofa?"

Bahago ya yi dariya ya koma kan buhunansa. A lokacin bai ga abin da ya shafe shi ba.

A shekarar 1987 kaya suka yi tsada, kamfanin ya rufe layi ɗaya, aka sallami ma'aikata da yawa. Bahago na cikinsu. Ya kwaso matarsa Binta da 'ya'yansu biyu da ɗan kuɗin sallamarsa, suka dawo Kwarbai. Malam Mika'ilu ya riga ya rasu. A gidan akwai mahaifiyarsu, wadda kowa ke kira Iya, da kuma yayarsa Hajo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta.

Hajo ce ke riƙe da gidan. Ta fi shekara goma tana yin zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya, ta ƙuƙƙulla a leda, ta jera a babban baho da ƙanƙarar da ake sayo mata daga Tudun Wada. Kowace leda sule ɗaya ce, wato kwabo goma. Zoɓonta da kunun zaƙinta masu kyau ne, amma kunun ayarta shi ya yi mata suna. Tana sa dabino da kwakwa ba ƙyashi, ta tace sau uku, har sai ya fito fari sol ba tsaki. Daga unguwar Juma da Limancin Kona ake tattaki a zo saye.

Bahago bai yi zaman jiran wani aikin ba. Ya sayi firji na hannu da kuɗin sallamarsa, ya sayi keke da babbar kula mai riƙe sanyi. Ya ce wa Hajo, "Yaya, ke ki dafa, ni in kai inda masu ƙishi suke." Inda yake nufi shi ne Kongo, wajen ɗaliban jami'a da ma'aikatanta. Kullum da hantsi ya ɗaure kula a bayan keke, ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya kafa kekensa a gindin wata bishiya kusa da ƙofar makarantar.

Ya kuma zo da nasa sabon abu, lemon citta a kwalba. Ya sayi tsofaffin kwalabe a wajen masu gwangwan, ya samo ƙarfen buga marfi a Sabon Gari, yana wanke kwalaben da kansa yana ɗaga su ga rana kamar yadda ya saba a Kakuri. Kwalba sule biyu. Ba abin da ke faranta masa rai kamar ya ji ƙarar marfi ya zauna daram.

Bazarar farko an yi ciniki ba kama hannun yaro. Kula takan ƙare kafin la'asar, a gida kuma sallama ba ta yankewa a zaure. Amma da damina ta faɗi suka zauna su ga abin da suka tara, sai suka tarar da ƙyar ya kai kuɗin gyaran ɗakin Iya da ke yoyo.

Hajo ta ce, "Ni abin nan ya ɗaure min kai. Da, ni kaɗai da baho ɗaya, abin da nake gani ke nan. Yanzu mun ninka aiki, bayana kamar zai tsage, kuɗin kuma suna nan inda suke."

Iya ta ce a nemi tsari, bakin mutane ne. Bahago bai musa mata ba, amma maganar Malam Jalo ce ta faɗo masa. Ya ce, "Yaya, leda ɗaya ta zoɓo, nawa take ci kafin ta fita zaure?"

Hajo ta dube shi. "Wace irin tambaya ce wannan? Ina sayen kaya, ina sayarwa, abin da ya rage shi ne riba."

"Na ji. Amma wanne ne a cikin huɗun ya kawo, wanne ya ɗiba?"

"Duk 'ya'yana ne, ba na bambanta su."

Ya bar maganar har zafi ya sake dawowa. Ran nan sai ya shiga ɗakin Binta ya sauko da kwanuka huɗu daga cikin jerenta, farare masu jan baki. Binta ta biyo shi tsakar gida tana cewa kayan aurenta ne, ko miya ba ta taɓa zubawa a ciki ba. Ya ce kuɗi za a zuba, ba miya ba. Ta ce to in dai kuɗi ne, a yi a hankali kar a kwarzane mata.

Ya jera kwanukan a gaban Hajo, ya sa wa kowanne alama: furen zoɓo a ɗaya, zangarniyar gero a na biyu, ƙwayar aya a na uku, yankin citta a na huɗu. Ya zuba wa kowanne naira goma. Ya ce daga yau duk abin da za a saya wa zoɓo, daga kwanon zoɓo za a ɗauka, cinikinsa kuma nan zai koma. Haka sauran. Duk leda goma da aka ƙulla, a jefa ƙwallon dabino ɗaya a gefen kwanon, don a san yawan abin da aka yi.

Hajo ta ce wasan yara ne, amma ta yarda. Tun a makon farko aka fara gardama, saboda akwai abubuwan da ba na kowa ba ne su kaɗai. Itace, misali. Bahago ya ce a raba kuɗinsa huɗu. Hajo ta ce ina! Aya ba ta ganin wuta ko kaɗan, don me za ta biya wa kunun zaƙi da ke cinye dami guda? Ya ce ta yi gaskiya. Da aka zo kan ruwa sai shi ya kama ta: jarka biyu cikin uku da mai ga-ruwa ke kawowa, wankin aya da tatarta ke shanyewa. Kuɗin wutar firji kuwa suka raba gwargwadon wurin da kowanne ke tarewa a ciki. Kafin wata ya raba, Hajon da ta ce wasan yara ne ita ke tsare Bahago a zaure tana cewa, "Sabulun da ka saya na wankin kwalba, a wane kwano ka ɗauka?"

Da wata ya cika suka zauna a tsakar gida bayan la'asar. Iya na kan tabarma tana jan carbi, Binta na tsintar shinkafa. Bahago ya juye kwanon zoɓo, ya lissafa abin da ya fita, ya raba da yawan ledojin. Kowace leda kwabo huɗu ta ci, ana sayar da ita goma. Hajo ta ce ikon Allah, zoɓon da ko kallon kirki ba ta yi masa. Kunun zaƙi ya ci kwabo shida, saboda gero da itace da kuɗin markaɗe.

Da aka zo kan aya, kwanon bai ma mai da naira gomansa ba. Bahago ya sake ƙirgawa, Hajo ta karɓa ta ƙirga da kanta. Kowace leda kwabo sha biyu take ci. Ayar da tsada, dabino da kwakwa da tsada, markaɗe sau biyu, ga shi kuma ba ta da haƙuri. Duk ranar da aka ɗauke wuta, zoɓo yakan kwana lafiya, aya kuwa kafin magariba ta yi tsami sai a zubar. Wato duk wanda ya yi tattaki daga Limancin Kona ya sayi leda ɗaya, Hajo ce ke cika masa kwabo biyu.

Hajo ta juya kwanon a hannunta. Bahago ya gyara zama, ya ce cikin murya irin ta manyan kamfani, "Ai kin ga amfanin lissafi ke nan. Abin da mutum ya fi so ba lallai ne shi ke ciyar da shi ba."

Hajo ta ce, "To, juye naka mu gani."

Ya juye. Ya ƙirga, ya tsaya, ya sake ƙirgawa a hankali. Kwalbar da yake sayarwa kwabo ashirin, ashirin da uku take ci. Cittar da sukarin ba su da laifi. Kwalaben ne. Ɗalibai kan tafi da su ɗaki ba su dawo ba, wasu su fashe a ramukan hanyar Tudun Wada, ga marfi, ga sabulu.

Hajo ta fara dariya a hankali, sannan ta kece har da hawaye, tana nuna shi da yatsa ta kasa magana. Binta ta rufe fuska da mayafi. Iya ta tambaya me ya faru, aka gaya mata, ta ce, "Af, ashe ba bakin mutane ba ne, ku biyun ne." Bahago ya so ya ɗaure fuska, amma ya kasa, shi ma ya shiga dariyar.

Da dariya ta lafa sai Binta ta ce, "Ni akwai abin da ban ji an ƙirga ba. An biya mai itace, an biya mai ruwa, an biya mai inji. Hannun da ke tsince tsakuwa a cikin aya tun asuba fa? Da ƙafar da ke tuƙa keke?"

Bahago ya ce lallai a Kakuri albashin ma'aikata na cikin lissafin kowace kwalba, shi ne ya manta.

Hajo ta ce, "A biya ni? A gidan ubana?"

"A biya ki, Yaya. In ba haka ba, guminki ne muke kira riba."

Ta ce ita ba ta taɓa jin inda mutum ya ɗauki kansa aiki ba. Amma daga ranar aka yanka wa kowa ɗan abin da zai ɗauka kullum, har Binta da ke taya ƙulli. Hajo ta samu wani gwangwanin madara ta riƙa tara nata, ba ta taɓawa.

Bahago bai ja da lissafi ba. A makon nan ya mai da ƙarfen buga marfi Sabon Gari ya sayar, ya koma ƙulla lemon cittarsa a leda kamar sauran. Ya ce ranar da ya miƙa ƙarfen da ƙyar ya sake shi, amma ledar kwabo biyar take ci, kuma ba wanda ya ce ɗanɗanon ya sauya.

Hajo kuwa ta ƙi sakin aya. Ta gwada rage dabino, ta cire kwakwa, ta ƙara ruwa kaɗan. Da ta tace ta ɗanɗana, sai ta ajiye ludayin ta ce, "Wannan ba nawa ba ne." Ba ta bari an ƙulla ko leda ɗaya ba, a gida aka shanye. Ta gwada ƙara kuɗi zuwa sule da sisi, wato kwabo sha biyar, mutanen unguwa suka ce ba su saba ba, suka koma zoɓo. Na ɗan lokaci ta daina yi gaba ɗaya. Ba ta yi ƙorafi ba, amma gidan ya yi shiru, don a bakin tatar aya ne takan yi 'yan waƙe-waƙenta.

Mafita ta zo daga Kongo. Akwai wata Hajiya Adama mai gidan abinci kusa da inda Bahago ke tsayawa, wadda malaman jami'a ke cin abincin rana a wajenta. Ta tare shi ta ce, "Malam Bahago, ina farin kunun nan? Masu cin abincina sun dame ni da tambaya."

Ya gaya mata gaskiya, cewa asara yake jawowa.

Ta ce, "A leda a kan sule, dole. Ka kawo min a jarka da safe. Ina da firji, ina da janareta. Ni zan sayar a kofi, mutanena ba za su yi gardamar sule uku ba. Zan riƙa gaya maka yawan da nake so tun ana gobe."

Ya koma gida ya lissafa tare da Hajo. Ba leda, ba ƙulli, ba zubarwa tunda iya abin da aka nema za a yi. Ko an sa ladan hannunta a ciki, akwai riba mai kauri. Washegari tun kafin rana ta fito aka ji muryar Hajo a bakin baho. Daga baya masu suna da masu biki a cikin birni su ma suka koyi aikowa da saƙo tun da wuri, a yi musu jarka ɗaya ko biyu.

Abu ɗaya ne Hajo ta kafe a kai. Ta ce duk Juma'a za ta ƙulla leda kaɗan a sayar a zaure a kan sule kamar da, saboda tsofaffin unguwa da suka saba.

Bahago ya ce, "Yaya, kin dai ga lissafin."

"Na gani. Da ban san ina asara ba, yanzu na sani, na kuma san nawa ce. A cire daga gwangwanina."

Haka aka yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ledojin ba sa daɗewa.

Daga nan abin ya zame musu al'ada. Duk farkon bazara sai a sauko da kwanukan Binta a yi wata guda ana awo. Kuma amsar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A shekarun casa'in, lokacin da sukari ya yi tashin da har shayi ya gagari wasu gidaje, sai zoɓo ya zama mai cin kuɗi, domin tsaminsa ba ya kwanciya sai da sukari mai yawa. Kunun zaƙi, wanda Hajo ke ɗaga zaƙinsa da dankali, shi ya koma kan gaba. Suka rage tukunyar zoɓo, suka ƙara ta kunu. Da kwabo ya daina sayen komai aka koma maganar naira, lissafin bai canja ba, lambobin ne kawai suka yi girma. In an rufe makaranta ɗalibai sun tafi gida, Bahago ya karkata kekensa zuwa tashar mota da bakin asibiti, ya rage abin da ake dafawa har su dawo.

Ba su yi arziki irin na a zo a gani ba. Amma an bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya an yi musu rufin kwano, an sayi firji na biyu, keke ya koma babur. Hajo ta buɗe gwangwanayenta, don sun zama da yawa, ta yi wa 'yarta Jamilatu kayan ɗaki ba tare da ta nemi taimakon kowa ba. Iya ta ga wannan auren kafin Allah ya karɓi ranta, tana da ƙarfinta har kusan ƙarshe.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ruwan leda ya shigo gari, wanda ake kira fiya wata. Wani ɗan kasuwa a Sabon Gari da ya ji labarin Bahago ya taɓa aiki a kamfanin lemo ya aiko a kira shi, yana so ya riƙe masa wurin. Bahago ya sa babbar riga ya je. An zagaya da shi, ya ga injin yana yanko leda yana cikawa yana liƙewa, ya tambayi kuɗin leda da na man janareta da na mota, ya yi lissafinsa a ka. Ya gaya wa mutumin sana'a ce mai kyau, za ta kuma ci gaba, amma ya ba shi lokaci ya yi shawara.

Ya dawo gida da azahar. Hajo na zaune a kan kujera 'yar tsuguno tana wanke gero, gashinta ya fara fari a gefe.

Ta ce, "Yaya ka gani?"

Ya cire hula ya zauna a bakin rijiya. "Akwai kuɗi a ciki, Yaya. Albashin da ya faɗa min ma ya fi abin da nake ɗauka a nan."

"To?"

"To, ruwa ne kawai. Na tsaya a wurin har na gaji, ko ƙamshin citta babu. Kuma tun safe har dare mutum na cikin ɗaki ɗaya da ƙarar inji. Na yi wannan a Kakuri, ya ishe ni."

Hajo ta tsiyaye ruwan geron, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka dai yi tunani da kyau, kana da iyali."

"Na yi. Gobe zan je in ba shi haƙuri, in haɗa shi da wani da muka yi aiki tare, yana nan Tudun Wada ba ya komai."

Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Sannan ta tura masa bokitin geron da ƙafa. "Tunda kana nan, cire rigar nan ka kai min markaɗe kafin mai inji ya tafi masallaci."

Ya cire rigar ya miƙa wa Binta, ya ɗaure bokitin a bayan babur, ya tura shi har bakin lungu kafin ya tayar.